Sansanin Thule na Tsibirin Girinlan: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinsa na Soja

Tun da shugaban Amurka Donald Trump ya sake tayar da zancen mallakar tsibirin Girinlan, sunan sansanin Pituffik, wanda aka daɗe ana kira Thule, yake ta fitowa a labarai, amma ba kasafai ake bayyana yadda aka yi sojojin Amurka suka kafa zama a can ba. Tambayoyin da ke biye sun bi tarihin wurin daga Yaƙin Duniya na Biyu zuwa shekarun nan.

A ina sansanin yake, kuma ƙasar wa aka gina shi a kai?

Yana gaɓar arewa maso yammacin Girinlan, tsibirin da ya fi kowanne girma a duniya, wanda faɗinsa ya ninka na Najeriya fiye da sau biyu, ko da yake mazaunansa ba su kai dubu 60 ba, domin ƙanƙara ta lulluɓe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar. Tsakanin sansanin da ƙuryar arewacin duniya kimanin kilomita 1,500 ne, kuma Amurka ba ta da wani sansani da ya kai shi kutsawa arewa. Babu hanyar mota da ta haɗa shi da wani gari. Mai zuwa ko dai ya zo ta sama, ko ya jira ɗan lokacin zafi da ƙanƙarar teku ke saki ya zo ta ruwa.

Ƙasar ba ta Amurka ba ce. Girinlan yanki ne na masarautar Denmak, ya sami gwamnatin cikin gida a 1979, aka ƙara masa iko a 2009, amma har yanzu harkokin tsaro da na waje suna hannun Kopenhagen, babban birnin Denmak. Amurka tana zaune ne a kan yarjejeniyar tsaro ta 1951, ba ta biyan kuɗin haya, kuma Denmak tana da jami'in sojanta a cikin sansanin.

Me ya sa aka zaɓi wuri mai nisa da tsananin sanyi haka?

Taswirar da ake ratayewa a bangon aji ita ce ke ɓoye amsar, domin tana nuna Amurka a hagu, Rasha a dama, Girinlan kuma can sama kamar ba ruwansa da kowa. Wanda ya ɗauki taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ya ɗora zare daga New York zuwa Mosko ya ja shi ya miƙe, zai ga zaren ya haura arewa ya bi ta gefen kudancin Girinlan. Hanya mafi kusa tsakanin manyan biranen ƙasashen biyu ta saman duniya take, kuma nisan Thule daga kowannensu kusan ɗaya ne.

A farkon shekarun 1950 jiragen Amurka masu jefa bama-bamai ba sa iya tashi daga gida su kai tsakiyar Tarayyar Sobiyet su dawo ba tare da sun sha mai a hanya ba, saboda haka ana bukatar zango. Wurin yana da fili shimfiɗaɗɗe da zai ɗauki dogon titin jirgi, yana da gaɓa mai zurfi da manyan jiragen ruwa za su iya tsayawa, sannan ruwan sama da dusar ƙanƙara ba su da yawa a can duk da sanyin. Kanar Bernt Balchen, haifaffen Norwe da ya ƙware da tuƙi a yankunan ƙanƙara kafin ya shiga rundunar sojin saman Amurka, yana cikin waɗanda suka dage a kan zaɓen wurin. Makamai sun sauya sau da yawa tun daga lokacin, amma wannan dalili na hanya bai sauya ba, kuma shi ne ya hana a rufe sansanin kamar yadda aka rufe sauran.

Ta yaya Amurka ta fara sa ƙafa a Girinlan?

Ta ƙofar da wani jakada ya buɗe mata ba da izinin gwamnatinsa ba. Jamus ta mamaye Denmak ranar 9 ga Afrilu, 1940, tsibirin ya zama ba shi da mai tsaronsa, alhali yana da ma'adinin da ake bukata wajen sarrafa sanholon ƙera jirage, kuma daga can ake gane yanayin da zai sauka a Turai bayan 'yan kwanaki. Jakadan Denmak a Washinton, Henrik Kauffmann, ya bayyana cewa ba zai karɓi umarni daga gwamnatin da ke ƙarƙashin mamaya ba. Ranar 9 ga Afrilu, 1941, shekara guda cif da mamayar, ya sa hannu tare da sakataren harkokin wajen Amurka Cordell Hull a kan takardar da ta ba Amurka damar kafa sansanoni a tsibirin. Gwamnatin Kopenhagen ta kore shi daga aiki, ta kuma tuhume shi da cin amanar ƙasa, amma bayan an kori Jamusawa a 1945 majalisar dokokin ƙasar ta amince da abin da ya yi.

A lokacin yaƙin, manyan filayen jiragen suna kudu ne, a Narsarsuaq da Kangerlussuaq, inda jiragen da ake kai wa Ingila ke yada zango. Abin da aka kafa a Thule ƙaramar tashar auna yanayi ce kawai. Da yaƙi ya ƙare Denmak ta so baƙin su tattara nasu ya nasu, sai ga shi a 1946 gwamnatin Harry Truman ta yi tayin sayen tsibirin ɗungurungum a kan dala miliyan 100. Denmak ta ƙi. Shigarta ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949 ita ce ta warware takaddamar, domin ta ba da hujjar sabuwar yarjejeniya da aka ƙulla ranar 27 ga Afrilu, 1951.

Yaya aka iya gina sansani a irin wannan wuri?

An gina shi a asirce, kuma cikin gaggawa, a ƙarƙashin wani shiri da sojoji suka laƙaba wa suna Blue Jay. A watan Yunin 1951 ayarin jiragen ruwa kimanin 120 ya tashi daga Norfolk ta jihar Virginia da mutane wajen 12,000 da kaya tan 300,000. Ƙanƙarar teku ta tsare su a hanya, ba su iso ba sai ranar 9 ga Yuli, wato sun yi asarar makonni daga cikin ɗan lokacin da za a iya aiki a waje. Abin da ya cece su shi ne rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci na shekara, saboda haka aka raba ma'aikata rukuni-rukuni ana aiki ba tsayawa. Kafin ƙanƙara ta sake rufe teku an shimfiɗa titin jirgi, an kafa tankunan mai da ɗakunan kwana. Ba a sanar da duniya ba sai a watan Satumba na 1952.

Babbar matsalar magina ita ce ƙasar kanta, wadda take a daskare har can ƙasa shekara da shekaru. Idan aka ɗora gini mai ɗumi a kanta sai ta narke ta zama taɓo, ginin ya nutse ko ya tsage. Shi ya sa aka ɗage gine-gine daga ƙasa don iska mai sanyi ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsu, aka bi da bututun ruwa da na zafi ta sama maimakon a binne su, har ma aka shafa wa titin jirgin, mai tsawon kusan kilomita uku, farin fenti don kada baƙar kwalta ta sha rana ta narkar da abin da ke ƙarƙashinta.

Shin babu mutanen da ke zaune a wurin kafin zuwan sojoji?

Akwai su, kuma wannan ne ɓangaren tarihin da aka fi daɗewa ana rufa-rufa a kansa. Inughuit, wani reshe na al'ummar Inuit da babu wanda ya kai su zama a arewa, suna da ƙauye mai suna Uummannaq a gindin dutsen Dundas, dab da filin da aka zaɓa. Mafarauta ne, suna rayuwa a kan dabbobin teku da tsuntsaye da dila, suna tafiya a kan ƙanƙara da amalanken da karnuka ke ja. A nan ne mai binciken ƙasa Knud Rasmussen ya buɗe tashar ciniki a 1910, ya sa mata suna Thule, sunan da sansanin ya gada.

Shekara biyu mutanen suka yi suna maƙwabtaka da injuna da ƙarar jirage, dabbobin farauta suna ta ƙaura. A watan Mayun 1953, da Amurka ta bukaci ƙarin fili don girke bindigogin kakkaɓo jirage, hukumomin Denmak suka ba iyalai 27, mutum sama da ɗari, wa'adin 'yan kwanaki su tashi. Suka ɗaura kayansu a kan amalanke suka nufi Qaanaaq, fiye da kilomita 100 arewa, suka bar gidajensu da kaburburan iyayensu. Gidajen da aka yi musu alkawari ba a gama su ba, sai da suka yi watanni a cikin tantuna. Gwamnati kuwa ta shaida wa duniya cewa su ne suka nemi a sauya musu wuri. Akwai abin lura a kan lokacin da aka zaɓa: ranar 5 ga Yuni, 1953, sabon tsarin mulkin Denmak ya fara aiki, wanda ya fitar da Girinlan daga matsayin mulkin mallaka ya ba mutanensa haƙƙin 'yan ƙasa, ciki har da kariyar dukiya. An tashe su ne ana saura 'yan kwanaki wannan kariya ta hau kansu, kuma da wuya mai karatu ya yarda cewa dace ne kawai.

Sai a shekarun 1990 waɗanda abin ya shafa da 'ya'yansu suka kai ƙara a ƙarƙashin ƙungiyar Hingitaq 53. A 1999 babbar kotu ta tabbatar cewa tilasta musu aka yi, ta ba al'ummar diyyar kuronar Denmak 500,000 a dunƙule, kowane mutum kuma 15,000 ko 25,000 gwargwadon shekarunsa a lokacin tashin, abin da bai kai ko kusa da miliyan 235 da suka nema ba. Firaminista Poul Nyrup Rasmussen ya nemi gafara a wannan shekara. Kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2003, amma ta ƙi ba su izinin komawa filin sansanin.

Wane aiki sansanin ya yi a shekarunsa na farko?

Zango ne na kai farmaki. Manyan jiragen B-36 da B-47 suna zuwa atisaye, jiragen dakon mai samfurin KC-97 suna jibge don shayar da su a sararin sama, ƙananan jiragen yaƙi kuma suna gadin wurin, daga baya aka ƙara da makamai masu linzami na Nike Hercules. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 mutanen da ke sansanin sun kai kimanin 10,000, adadin da ya sa ya fi kusan kowane gari na tsibirin yawan jama'a a wancan zamani.

Aiki mafi haɗari da aka yi daga can shi ne leƙen asirin da aka kira Homerun. Daga Maris zuwa Mayun 1956 jiragen RB-47 sun tashi sau 156 suna ratsa ƙuryar arewa suna ɗaukar hotuna da sauraren na'urorin Sobiyet a gaɓar Sibiriya, wani lokaci suna kutsawa cikin sararin samaniyar ƙasar. A rana guda ma jirage shida suka shiga a jere da rana tsaka. Mosko ta yi ƙorafi, Washinton ta ɗora laifin a kan kuskuren gane hanya. Da Sobiyet ta ɗauki waɗannan jirage shida a matsayin farkon hari, babu yadda za a yi ta san cewa kyamarori suke ɗauke da su ba bama-bamai ba.

Me ya sa aikin ya koma na sa ido?

Saboda makamai masu linzami da ke ƙetare nahiyoyi. Da Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a watan Oktoban 1957, Amurka ta gane cewa rokar da ta kai shi sama za ta iya kawo bam cikin kusan rabin sa'a, kuma ba jirgin da zai tare shi. Abin da ya rage shi ne a gan shi da wuri. Aka gina manyan na'urorin rada, masu gano abin da ke tafe a sama tun daga nesa, a wurare uku: Thule, da Clear a Alaska, da Fylingdales a Ingila. Na Thule su ne suka fara aiki a 1960, allunan ƙarfe huɗu a kan tudu, kowanne tsayinsa kimanin mita 50, faɗinsa kuma mita 120, suna fuskantar arewa da gabas. Gargaɗin da za su bayar na minti 15 ne ko kusa da haka, wanda ya isa jiragen Amurka su tashi kafin a ragargaza su a ƙasa. A 1961 aka ƙara tashar bibiyar taurarin ɗan'adam.

Ranar 5 ga Oktoba, 1960, na'urorin suna sababbi fil, suka aika wa hedikwatar tsaron sama da ke Colorado cewa ɗimbin makamai na tafe. Mataimakin kwamanda, Roy Slemon ɗan Kanada, shi ne ke kan aiki, sai ya tambayi inda shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev yake. Aka ce yana New York wajen taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan, tare da rashin wata alamar inda makaman za su faɗa, ya sa aka dakata. Ashe wata ne ya fito ta sashen Norwe, siginar radar ta buge shi ta dawo, kwamfuta ta lissafa shi a matsayin hari. Bayan shekara guda, ranar 24 ga Nuwamba, 1961, duk layukan sadarwa da tashoshin rada suka yanke lokaci ɗaya, aka umarci matuƙa su shiga jirage. Wani jirgin B-52 da ke shawagi a saman Thule ne ya tabbatar cewa sansanin yana nan lafiya. Daga baya aka gano cewa wata tashar sadarwa ce guda a Colorado ta lalace, kuma dukkan layukan ta cikinta suka bi.

An taɓa kai wa sansanin hari?

Ba a taɓa ba. Duk asarar rayuka da ɓarnar da aka yi a can daga haɗurra da yanayi suka zo. A watan Maris na 1972 an auna iska mai gudun kilomita 333 a sa'a a kusa da sansanin, wadda tana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a doron ƙasa.

Me ya faru a watan Janairun 1968?

Tun 1961 Amurka ta ware jirgin B-52 ɗauke da bama-baman nukiliya wanda aikinsa kawai ya riƙa kewaya saman Thule dare da rana. Hikimar ita ce, idan sadarwa ta yanke, matuƙan za su duba da idonsu su faɗa ko hari ne ko lalacewar na'ura. Ranar 21 ga Janairu, 1968, jirgin da ke wannan aiki ya taso daga Plattsburgh ta jihar New York da mutum bakwai da bama-baman haidurojin huɗu. An cusa wasu matasan zama na soso a ƙarƙashin wata kujera, a kan kafar da iska mai zafi ke fitowa. Sanyi ya dami ma'aikatan, aka ƙara buɗe zafi daga injin, matasan suka kama da wuta. Hayaƙi ya turnuƙe har matuƙa ba sa ganin allon gabansu, lantarki ya ɗauke, da suka hango fitilun sansanin a ƙarƙashinsu sai suka yi tsalle da laima. Shida sun tsira. Kyaftin Leonard Svitenko, wanda ba ya kan kujera mai harba matuƙi waje, ya rasu wajen ƙoƙarin fita ta ƙofar ƙasa.

Jirgin ya ci gaba shi kaɗai ya faɗi a kan daskararren teku kimanin kilomita 12 yamma da sansanin. Bama-baman ba su yi fashewar nukiliya ba, amma nakiyoyin da ke kewaye da su sun tashi, suka watsa sinadarin fulutoniyam, man jirgin kuma ya yi sa'o'i yana ci, ya bar baƙin tabo mai faɗi a kan ƙanƙara. Lokacin tsakiyar hunturu ne, rana ba za ta fito ba sai tsakiyar Fabrairu. Waɗanda suka fara isa wurin, suka kuma taimaka wajen neman matuƙan, mafarautan Inughuit ne da karnukansu, wato dangin mutanen da aka tasa shekara 15 kafin nan. Na ƙarshe daga cikin matuƙan sai bayan kusan kwana guda aka same shi, ya naɗe jikinsa da laimarsa.

Aikin kwashe gubar, ƙarƙashin Janar Richard Hunziker, tsere ne da lokaci, domin idan zafi ya shigo ƙanƙarar za ta narke komai ya zube teku. Denmak ta dage sai an fitar da gurɓatacciyar ƙanƙarar daga tsibirin. Mutum ɗaruruwa, Amurkawa da ma'aikatan Denmak, suka yi ta kankare ta cikin duhu da sanyin da ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri, ana zubawa a tankuna, daga bisani aka kai su Savannah River ta jihar Carolina ta Kudu. Washegarin haɗarin Amurka ta dakatar da shawagin jirage masu ɗauke da nukiliya, domin shekara biyu kafin nan an yi makamancinsa a Palomares ta Sifaniya. Ma'aikatan Denmak da yawa sun ce aikin ya jawo musu cututtuka, binciken hukuma bai tabbatar da alaƙar ba, amma a 1995 gwamnati ta biya mutum kimanin 1,700 kurona 50,000 kowanne.

Da gaske ne akwai bam ɗaya da ya ɓace a teku?

Wani rahoton BBC na 2008, wanda ya dogara da takardun sirri da aka saki, ya ce bama-bamai uku kawai aka iya tantancewa, kuma an turo ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa a 1968 ya nemi na huɗun bai samu ba. Gwamnatin Denmak ta sa cibiyar nazarin harkokin duniya ta ƙasar ta duba, kuma a 2009 cibiyar ta ce dukkan huɗun sun tarwatse a haɗarin, abin da aka nema a ƙasan teku wani sashe ne na ɗayansu mai ɗauke da yuraniyam. Wannan bayani ya fi dacewa da yadda nakiyoyin suka tashi. Abin da ba a musu a kansa shi ne har yanzu ana samun burbushin fulutoniyam a lakar tekun wurin.

Gwamnatin Denmak ta san da makaman nukiliya a tsibirin?

Ta sani, ta kuma ɓoye wa 'yan ƙasarta. Tun 1957 manufarta a bainar jama'a ita ce babu makamin nukiliya a ƙasarta a lokacin zaman lafiya. Haɗarin 1968 ya faru ana saura kwana biyu babban zaɓe, kuma aka shaida wa jama'a cewa larura ce ta kawo jirgin sararin samaniyar Girinlan. Asiri ya tonu a 1995, lokacin da aka gano wasiƙar da Firaminista H. C. Hansen ya aika wa jakadan Amurka a watan Nuwamban 1957. Jakadan ya tambaya ko Denmak tana so a sanar da ita idan za a ajiye irin waɗannan makamai a tsibirin, Hansen kuma ya amsa da cewa ba shi da wani abin cewa a kan bayanin, amsar da Washinton ta fahimta a matsayin izini, kuma da ma haka aka so ta fahimta. Rahoton da majalisa ta sa aka yi, wanda ya fito a 1997, ya tabbatar cewa an ajiye makaman nukiliya a Thule har zuwa 1965, kuma jirage masu ɗauke da su sun yi ta ratsa tsibirin shekara da shekaru. Mutanen Girinlan, waɗanda a kansu ake shawagin, sun ji labarin ne a rana ɗaya da kowa.

Mene ne labarin garin da aka gina a cikin ƙanƙara?

Sunansa Camp Century, kimanin kilomita 240 gabas da Thule, an fara haƙa shi a 1959. Ramuka ne dogaye da aka yanka a cikin ƙanƙara aka rufe samansu, aka jera ɗakunan kwana da kicin da asibiti da wurin ibada don mutum wajen 200, ƙaramin injin nukiliya yana ba su lantarki. An tallata shi sosai a matsayin cibiyar binciken kimiyya. Abin da ba a faɗa ba, har wa Denmak, shi ne sojojin ƙasa na Amurka suna gwada wani shiri mai suna Iceworm, na haƙa hanyoyi masu tsawon dubban kilomita a ƙarƙashin ƙanƙara, a riƙa zagayawa da makamai masu linzami 600 ta yadda Sobiyet ba za ta san inda suke ba.

Ƙanƙarar ce ta rusa shirin. An ɗauka a tsaye take, ashe tana tafiya a hankali tana matse ramukan, har sai da aka riƙa aske bango da rufi a kai a kai don kada su murƙushe ɗakunan. Aka cire injin nukiliyar a 1964, aka yi watsi da wurin a 1967, aka bar shara da ruwan ƙazanta da man dizal kimanin lita 200,000 bisa zaton dusar ƙanƙara za ta binne su har abada. Wani bincike na 2016 ya yi gargaɗin cewa ɗumamar yanayi za ta iya tono su nan gaba, kuma ba a daidaita kan wanda zai ɗauki nauyin kwashewa ba. Abin mamaki, amfanin da ya ɗore daga wurin na kimiyyar da aka fake da ita ne: ƙanƙarar da aka haƙo daga zurfin kusan mita 1,400 a 1966 ita ce masanin Denmak Willi Dansgaard ya karanta tarihin yanayin duniya na dubban shekaru a cikinta.

Me ake yi a sansanin yanzu, kuma me ya sa aka sauya masa suna?

Babu jiragen yaƙi da ke zaune a can dindindin. An maye gurbin tsofaffin allunan da sabuwar rada a 1987, aka sake inganta ta don ta yi aiki da tsarin kakkaɓo makamai masu linzami bayan yarjejeniyar Igaliku ta 2004, wadda wakilin gwamnatin Girinlan ya sa hannu a kanta tare da na Amurka da na Denmak. Sojojin Amurka da suka rage kimanin 150 ne, sauran 'yan ɗaruruwan mazauna ma'aikatan kwangila ne, galibi 'yan Denmak da Girinlan. Sau ɗaya a shekara jiragen ruwa ke kawo mai da manyan kaya, jirgi mai fasa ƙanƙara yana share musu hanya. Sansanin ya koma hannun rundunar sararin samaniya ta Amurka (Space Force) da aka kafa a 2019, kuma ranar 6 ga Afrilu, 2023, aka mayar masa da sunan Pituffik, wanda Inughuit ke kiran filin da shi tun kafin zuwan Turawa.

Shin sai Amurka ta mallaki tsibirin kafin ta iya tsare shi?

Idan aka bi abin da ke rubuce, amsar ita ce a'a. Yarjejeniyar 1951 za ta ci gaba da aiki muddin ƙawancen NATO yana nan, kuma ta ba Amurka damar neman ƙarin wuraren tsaro ta hanyar shawara da Denmak, yanzu kuma da Girinlan. Raguwar sojoji daga dubbai zuwa ƙasa da 200 ba korarsu aka yi ba, Amurka ce da kanta ta bar Narsarsuaq a 1958, ta miƙa Kangerlussuaq a 1992, saboda ta ga ba ta bukatarsu. Saboda haka hujjar tsaro ita kaɗai ba ta isa ta bayyana zancen saye ba, sai an haɗa da ma'adinai da hanyoyin ruwan da narkewar ƙanƙara ke buɗewa da gasa da Rasha da Sin.

Trump ya fara tayar da batun a watan Agustan 2019, Firaministar Denmak Mette Frederiksen ta yi watsi da shi, shugabannin Girinlan kuma suka ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce. Ranar 28 ga Maris, 2025, mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya ziyarci sansanin ya zargi Denmak da sakaci da tsaron tsibirin, kuma bayan makonni biyu aka sauke kwamandar sansanin, Kanar Susannah Meyers, a kan wani saƙo da ta aika wa ma'aikata tana nesanta su da kalaman nasa. A watan Yunin 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta cire Girinlan daga ƙarƙashin rundunarta mai kula da Turai, ta mayar da shi hannun wadda ke tsaron Arewacin Amurka.